Shin kifin tetra zai jure hunturun Jos a akwatin gilashi?

Sabon Mai Kiwo, Tudun Wada:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Na sayi akwatin gilashi mai cin ruwa lita 60, tsawonsa santimita 60, tare da matacin soso da ƙaramin famfon iska, kuma niyyata ita ce in zuba masa garken ƙananan kifin nan da ake kira niyon tetra, masu layin shuɗi mai ƙyalli a gefe da ja daga tsakiyar ciki zuwa wutsiya. Abin da ya tsayar da ni shi ne mun shiga Disamba, kuma kowa ya san yadda daren Jos yake da hunturu. Wasu sun ce mini dole sai da hita mai ɗumama ruwan akwatin, wasu kuma sun ce hita ɓarnar kuɗi ce tunda wutar ba ta tsayawa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a kan maganar sanyin, da yawan kifin da ya kamata in saya, da kuma ruwan da ya fi dacewa tsakanin na famfo da na rijiya.

Dattijon Rayfield:
Wa alaikumus salam, ɗana. Na daɗe ina kiwon wannan kifi a falona ba tare da hita ba, kuma hunturu da yawa ya wuce ta kansu suna nan. Mutane suna rikita sanyin waje da sanyin cikin ɗaki. Gaskiya ne Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma da asubahin Disamba da Janairu ma'auni kan sauko kusan digiri 11 a waje, wani lokacin ma ƙasa da haka, amma ɗakin da yake da silin, ana rufe tagoginsa, mutane suna kwana a cikinsa, ba ya kaiwa nan. Shi kuma niyon ba kifin ruwan zafi sosai ba ne kamar yadda ake zato. Daga ƙoramun da ke ƙarƙashin inuwar daji yake, a saman kogin Amazon, wajen Peru da Kolombiya da yammacin Burazil, kuma yana zama lafiya daga digiri 20 zuwa 26. Ka nisantar da akwatin daga taga da ƙofa, ka yi masa murfi, ka sayi kifinka.

Malamar Kimiyya, Bukuru:
Baba, Allah ya ƙara girma, ban musa abin da ka gani da idonka ba, amma akwatinka tsoho ne, nasa kuwa bai taɓa ganin kifi ba, kuma a nan bambancin yake. Ni a ganina sanyi ma shi ne matsala ta biyu. Ta farko ita ce gubar da kifin da kansa yake fitarwa.

Ƙanena, kifi yana fitar da amoniya ta wurin numfashinsa da kuma kashinsa, sauran abincin da ya nutse ya ruɓe shi ma amoniya yake zama, kuma ɗan kaɗan daga cikinta ya isa ya ƙona wa ƙaramin kifi wurin numfashi. A kogi ruwa yana tafiya da ita, a cikin gilashi kuwa babu inda za ta je sai idan akwai ƙwayoyin bakteriya masu cin ta. Rukuni ɗaya yana mayar da amoniya naitirait, wadda ita ma guba ce domin tana hana jini ɗaukar iskar oksijin, sannan wani rukunin ya mayar da naitirait ɗin naitiret, wadda ba ta da haɗari sai ta taru da yawa, kuma ita ce ake ragewa da canjin ruwa. Waɗannan ƙwayoyi a jikin soson mataci da tsakuwa suke zama, kuma kafin su yi yawan da za su ɗauki nauyin garken kifi ana bukatar mako 4 zuwa 6, a ruwa mai sanyi ma fiye da haka domin hayayyafarsu tana raguwa. Niyon yana cikin kifayen da ba su da haƙuri da sabon akwati ko kaɗan. Wanda ya cika akwati da safe ya zuba kifi da yamma zai ga suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya a mako na biyu, sai ya ɗora wa hunturu laifin da ba nasa ba.

Shawarata ita ce ka cika akwatin yau, ka kunna mataci, ka riƙa jefa ɗan tsunkulen abincin kifi kullum a ruwan da babu kifi, ka nemi kayan gwajin ruwa na ɗigo, kada ka sayi kifi sai ranar da amoniya da naitirait suka nuna sifili, naitiret kuma ta fara bayyana. Idan Baba zai taimaka maka da gutsuren tsohon sosonsa, a kawo shi jiƙe cikin ruwan akwatinsa, hakan zai rage maka jiran sosai.

Mai Shagon Kifin Ado, cikin gari:
Malama, da kowa zai jira mako 6 da tuni mun rufe shaguna. Amma ba zan ƙaryata ki ba, domin mafi yawan waɗanda suke dawo mana da ƙorafi waɗanda suka sayi akwati da kifi rana ɗaya ne. Inda nake da ja shi ne yawan kifin. Ana tsorata masu saye da cewa sai goma ko fiye, alhali guda 6 sun isa garke, kuma ba kowa ne yake da kuɗin goma ba, tunda kifin daga waje yake zuwa, akasari ta Legas, kuma farashinsa yana bin dala. Ya fara da 6, idan ya ga sun zauna ya ƙara.

Ɗalibin Kiwon Kifi, Naraguta:
Yallaɓai mai shago, 6 shi ne mafi ƙarancin da ake faɗa, amma ba shi ne inda kifin yake sakin jiki ba. Niyon bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, kuma a daji abincin manyan kifaye da tsuntsaye ne, saboda haka duk tsaronsa yana cikin yawan 'yan'uwansa. Idan suka yi kaɗan sai su maƙale a bayan mataci, launinsu ya dushe, su ƙi fitowa cin abinci, kuma kifin da yake zaune cikin tsoro shi ne cuta take fara kamawa. Idan aka sayi 6 biyu suka mutu a hanya ko a makon farko, wanda ba abin mamaki ba ne ga kifin da ya sha doguwar tafiya a leda, an koma 4 ke nan. A lita 60 ni 10 zuwa 12 zan zuba, kuma ba zan haɗa su da komai ba a farko. Musamman kada a haɗa su da kifin anjel, domin idan ya girma haɗiye su yake yi, ko kifin gwal, wanda ruwan sanyi yake so kuma ƙazantarsa ta fi ƙarfin ƙaramin mataci.

Akwai kuma dalilin da ya sa saye kashi-kashi yake da haɗari. Duk sabon kashi yana iya zuwa da cuta, kuma akwai wadda ma da sunan wannan kifin ake kiranta, wato cutar niyon tetra, wadda ƙwayar Pleistophora hyphessobryconis take haddasawa. Tana shiga tsokar kifi, launi ya koɗe a wasu wurare, baya ya karkace, kifin ya ware daga garke, kuma har yanzu ba ta da magani, sannan tana yaɗuwa idan sauran suka ci gawar wanda ya mutu. Wanda zai riƙa ƙarawa daga baya yana bukatar wani ƙaramin akwati da zai keɓe sababbi na mako 3 ko 4, wanda kuɗinsa ya fi na kifi huɗun da aka yi tsimi.

Injiniya, Gwarinpa, Abuja:
Bari in sa lissafi a maganar hita, domin na ga ana yin ta da zato. Kafin a ɗaga zafin ruwa lita 60 da digiri 1 ana bukatar kimanin wat 70 na tsawon awa guda, ma'ana hita mai wat 50 sai ta yi kusan awa ɗaya da rabi tana aiki kafin ma'auni ya motsa da digiri guda, ko da ba a lissafa zafin da yake fita ta gilashi ba. Wannan lissafi yana da daɗi ta wani ɓangaren, domin yana nuna cewa ruwa mai yawa ba ya hucewa da sauri, kuma shi ya sa akwatin lita 60 ya fi ƙaramar kwalbar lita 10 aminci nesa ba kusa ba. Amma yana kuma nuna cewa idan aka ɗauke wuta da ƙarfe goma na dare, ruwan da hita ta riƙe a digiri 25 zai yi ta sauka har asuba, a kawo wuta ya hau, a sake ɗaukewa ya sauka. Wannan hawa da saukar ya fi zama a digiri 21 cak illa, kuma bayansa ne aka fi ganin cutar fararen ɗigo, wadda kifi yake fitowa kamar an barbaɗa masa gishiri yana goga jikinsa da duwatsu.

Saboda haka Baba na Rayfield yana da gaskiya ta wata fuskar, Malama ma haka. Idan za ka sa hita, kada ka saita ta a 26, ka saita ta a 22, domin tazarar da ruwan zai faɗo idan wuta ta tafi ta zama ƙarama. Ka manna farin soson nan da ake samu a kwalin firiji a bayan akwatin da gefe biyu da ƙarƙashinsa, ka rufe saman, da dare ka lulluɓe shi da bargo amma ka bar wa famfon iska hanya. Masu tunanin ɗora hita a kan inbata su sani cewa wat 50 na awa 10 wat-awa 500 ne idan ba ta huta ba, wato kusan duk abin da ya kamata a zara daga batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 irin na dalma. Famfon iska kuwa wat 2 ko 3 kawai yake ci, akwai ma mai aiki da fawa-bank, kuma shi ne ya fi cancanta a tanadar wa wuta, domin ƙwayoyin da Malama ta yi bayani iska suke shaƙa, idan mataci ya tsaya na sa'o'i masu yawa sai su fara mutuwa.

Mu nan Abuja matsalarmu akasin taku ce. A Maris da Afrilu ruwan akwati yana iya haura digiri 30 a ɗaki, ruwan zafi kuma ba ya riƙe oksijin da yawa, sai ka ga niyon a saman ruwa yana haki. Shi ya sa nake ganin kadinal tetra ya fi dacewa da mu, ɗan'uwansa na kogin Negro da saman Orinoko, wanda jan jikinsa ya kama tun daga kai har wutsiya, kuma ya fi son ɗumi. Ku mutanen Jos ku ne Allah ya ba yanayin niyon a mafi yawan watannin shekara.

Dattijon Rayfield:
Injiniya, ka yi magana. Ban taɓa hana kowa sayen hita ba, abin da nake gudu shi ne yaro ya saya ya ɗauka ya gama aiki. Kuma a gaya masa cewa ba a kunna ta a wajen ruwa, ba a kuma rage ruwa tana kunne, domin gilashinta fashewa yake yi. Soso kuwa ya zo ya karɓa, akwai.

Hajiya, Unguwar Rogo:
Duk kun yi maganar ruwa da wuta, amma babu wanda ya taɓo abin da yake cikin iskar ɗakunanmu. Famfon iska iskar ɗaki yake zuƙa ya tura cikin ruwa, saboda haka duk abin da aka fesa a ɗakin kifi ya sha shi. Maganin sauro na feshi da na kunnawa da fiya-fiya duk guba ne mai tsanani ga kifi, abin da ba zai sa mutum ko tari ba yana iya kashe garke a dare ɗaya. Ranar da za a yi feshi a kashe famfon, a rufe akwatin da leda da zane, kada a buɗe sai ɗakin ya sha iska sosai, mafi alheri ma a ajiye akwatin a ɗakin da ba a feshi. Ni ko turaren wuta ba na kai kaskonsa kusa da nawa. Haka nan hannu: mun shiga lokacin shafa man kaɗanya da basilin saboda kaushi, kada a tsoma hannu mai maiƙo ko mai sabulu a ruwan, kuma bokitin kifi ya zama nasa shi kaɗai, ba wanda ake jiƙa wanki a ciki ba.

Sai maganar yara, domin su ne suke kashe kifi da ƙauna. Kowa ya wuce sai ya barbaɗa abinci. Cikin niyon bai kai ƙwayar gero biyu ba, abin da za su cinye cikin minti 2, sau ɗaya ko sau biyu a rana, ya wadatar, kuma idan sun kwana ɗaya ba su ci ba babu abin da zai same su. Ka ɗora gwangwanin abincin a inda hannun yara ba ya kaiwa. Dabbar da ka tsare amana ce a wuyanka, ita kuwa wannan ko kuka ba ta iya yi maka.

Sabon Mai Kiwo, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Hajiya, maganar feshin nan ko kusa ba ta zo mini a rai ba. Saura tambayar ruwa. Gidanmu akwai rijiya, famfo kuma yana zuwa jefi-jefi. Wani abokina ya ce in je tsofaffin kududdufan haƙar kuza in ɗebo yashi da duwatsu kyauta, wani kuma ya ce abincin tarwada da ake sayarwa a buhu zai yi idan na daka shi.

Malamar Kimiyya, Bukuru:
Ruwan famfo, ko daga madatsar ruwa ta Lamingo ya zo ko daga ta Laminga, an tace shi da kulorin, kuma kulorin yana kashe kifi da ƙwayoyin mataci gaba ɗaya. Idan ka tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana da yini, musamman da famfon iska a ciki, kulorin zalla yana fita, amma ɗigon maganin cire kulorin da ake sayarwa a shagunan kifi ya fi tabbas, kuma kwalba ɗaya tana daɗewa. Ruwan rijiya ba shi da kulorin, sai dai a unguwa mai cunkoso inda masai yake kusa da rijiya yana iya zuwa da naitiret ko amoniya tun daga tushe, don haka ka gwada shi da kayan gwajin nan kafin ka amince da shi. Abin da ya taimake mu shi ne ƙasar Jos ta dutsen giranit ce, ruwan da ya ratsa ta kuma galibi ba shi da nauyin ma'adinai, wanda shi ne irin ruwan da niyon yake so, mai ma'aunin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, daga 6 zuwa 7. Waɗanda ake sayarwa yanzu ma mafi yawansu a gonakin kifi na kudu maso gabashin Asiya aka haife su, suna jure har 7.5. Kada ka shiga zuba magunguna don sauya pH, ka zaɓi ruwa guda ka tsaya a kansa, ka canza kashi ɗaya cikin huɗu kowane mako, kuma a hunturu ka tabbatar sabon ruwan bai fi na akwatin sanyi ba, domin ruwan da ya kwana a waje yana iya yi musu illar da daren bai yi ba.

Yashin kududdufan kuza ka bar shi inda yake. Ragowar wankin ma'adinai ne, ba ka san irin ƙarafan da suke cikinsa ba. Yashin rafi da aka wanke sosai ya fi, mai duhu idan ka samu, domin launin kifin ya fi fitowa a kansa. Duk dutsen da za ka sa ka ɗiga masa binega, idan ya yi kumfa akwai farar ƙasa a cikinsa, zai sa ruwan ya yi nauyi. Idan damina ta zo kuma kada ka yi kwaɗayin ruwan indararo daga rufin kwano, saboda sinadarin zinki da yake wankowa.

Ɗalibin Kiwon Kifi, Naraguta:
Abincin tarwada an yi shi ne don kifi ya yi ƙiba da wuri a kai shi kasuwa, yana da maiƙo, kuma idan aka daka shi gari yake zama ya ɓata ruwa. Ƙaramin gwangwanin abincin kifin ado zai kai ka watanni. Idan kana son ƙara musu da abu mai rai, tsutsar sauro daga ruwa mai tsabta suna son ta ƙwarai, amma ka ba su iya wadda za su cinye nan take. Busasshen ganyen bishiyar almon ɗin nan da ake shukawa don inuwa, idan ka wanke guda ɗaya ka jefa, zai rina ruwan ya yi kalar shayi marar madara, irin ruwan ƙoramun da kakanninsu suka fito.

Wani abu kuma da yake ba ni mamaki shi ne yadda muke kallon tetra a matsayin baƙo daga ƙetare, alhali muna da danginsa a gida. Niyon a 1936 masanin kifi George Myers ya yi bayaninsa a kimiyyance, kadinal kuma a 1956, amma kawara da tsage da masuntanmu suka sani tun kaka da kakanni suna cikin babban rukuni guda da su, a dangin da ake kira tetra na Afirka. Akwai ma Arnoldichthys spilopterus, wanda a ƙasan kogin Neja da kogin Ogun kaɗai ake samunsa, kuma Turawa suna sayensa da sunan tetran Neja. Sai dai ya kusa santimita 10 kuma mai yawan gudu ne, lita 60 ta yi masa kaɗan.

Mai Shagon Kifin Ado, cikin gari:
To, tunda an taru a kaina a kan lamba, na sallama, ya sayi goma, ni ma ciniki ne. Amma bari in faɗi abin da ya shafi sana'ata. Kada ka sayi kifin da ya sauka daga mota jiya, ka tambaya yaushe ya iso, ka bari ya yi mako a shago, wanda zai mutu saboda wahalar hanya ya mutu a hannunmu. Ka tsaya ka kalli akwatin shagon: idan akwai gawa a ƙasa, ko mai fararen ɗigo, ko wanda ya ware yana iyo a karkace, ka bar duk akwatin. Idan ka isa gida ka kashe fitila, ka ɗora ledar a rufe a saman ruwanka na minti 20 zafin ya daidaita, ka riƙa ƙara mata ruwan akwatin kaɗan-kaɗan, sannan ka kwashe kifin da raga, kada ruwan ledar ya shiga naka. Da safe kuma idan ka ga launinsu ya dushe kada hankalinka ya tashi, haka suke yi da dare, yana dawowa idan haske ya zo. Idan kuma ɗakinka ya yi sanyin da ya wuce misali, akwai ƙaramin kifin Sin da ake kira farin gajimare, ba tetra ba ne amma yana tafiya garke, yana da layi mai ƙyalli, kuma digiri 16 ba ya damunsa.

Injiniya, Gwarinpa, Abuja:
Ƙanena, makonnin da Malama ta ce ka jira su ne za su raba gardamar hita, ba mu ba. Ka sayi ma'aunin zafi ka sa a cikin ruwan tun yau, ka duba shi bayan sallar asuba da kuma ƙarfe huɗu na yamma, ka rubuta a takarda har ƙarshen Janairu, tunda a lokacin ne sanyin yake kai maƙura. Idan ruwan bai taɓa sauka ƙasa da 20 ba, kuma tazarar safe da yamma ba ta wuce digiri 2 ba, hanyar Baba ta ishe ka. Idan ka ga 18 ko 17, to ko dai hita a kan 22 tare da soson firiji da bargo, ko ka koma ga kifin da mai shago ya ambata. Kuma ka ajiye dabarar gaggawa: gorar lita ɗaya da rabi cike da ruwa mai zafin digiri 60, a rufe gam a ɗora ta tana yawo a akwatin, tana ƙara wa lita 60 kusan digiri 1, saboda haka a dare mai tsananin sanyi da babu wuta sai ka tanadi biyu, ta biyun ka sa wajen ƙarfe uku.

Dattijon Rayfield:
Gora biyu a dare ɗaya, Injiniya, wannan sai matasa. Ɗana, ranar da za ka zo karɓar soson ka taho da roba mai murfi, kuma ka tabbatar akwatinka yana cike yana aiki da ruwan da aka cire wa kulorin, domin soson ba zai jira ka a bokiti ba. Zan haɗa maka da 'yan rassan ciyawar ruwa, sun yi mini yawa.